Sanyin Ƙashi: Sunan da Ke Ɓatar da Marasa Lafiya

A matsayina na mai nazarin harshe, na daɗe ina zargin kalmar "sanyin ƙashi". Bahaushe kan jefa kowane ciwon gaɓa cikinta, tun daga zaizayewar guringuntsi ta tsufa har zuwa cutar da likitan Ingila, Alfred Garrod, ya raɗa wa suna rumatoyid a 1859. Ita wannan ta biyun garkuwar jiki ce ke juyowa ta far wa tantanin da ya lulluɓe gaɓa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne rawar da ƙwayoyin tantanin ke takawa. An daɗe ana kallonsu a matsayin waɗanda aka zalunta kurum. Ashe su ma sukan kunna ƙwayoyin gadonsu na garkuwa, su riƙa fitar da sinadarin IL-6 mai rura kumburi, su jawo fararen ƙwayoyin jini, su hayayyafa har su ci guringuntsi. Wani sinadarin, TNF, ke zuga su, kuma toshe shi da Feldmann da Maini suka gwada a Landan a farkon shekarun 1990 ya sauya maganin cutar.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu cutar miliyan 18 a 2019, kashi 70 cikin ɗari mata. Matar da yatsun hannayenta biyu ke kumbura, su sandare tsawon awa guda kowace safiya, idan aka ce mata sanyi ne, sai ta koma ga man zafi da gashi. Watannin farkon da take ɓatawa kuwa, a cikinsu ne maganin methotrexate ya fi kare gaɓa daga nakasa.