Wancan Tauraron da Ke Tafiya: Shin Yana Ganin Dajin Rugu?

Uwargida, ko kin taɓa shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan magariba, yaronki ya nuna sama ya ce, "Umma, dubi tauraro yana tafiya"? Idan hasken bai ƙyafta ba, yana tafiya a miƙe har ya ɓace, to galibi tauraron ɗan'adam ne, hasken rana ne ke haska jikinsa.

A Dutsin-Ma da Kurfi kuwa, tambayar ba ta tsaya ga yara ba. Uwar da ta kwana da fargabar 'yan bindiga, ko wadda ta tuna ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 da aka kwashe a Disambar 2020, takan ce: in har gwamnati na da ido a sama, me ya hana a ga maɓoyarsu? Amsar tana cikin yadda abin yake tafiya.

Da roka ake harba shi. Ranar 17 ga Agustan 2011 aka harba NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X daga Yasny a ƙasar Rasha, kuma rokar da ta ɗauke su asalinta makami mai linzami ce ta zamanin Tarayyar Sobiyet, aka mayar da ita ta dako. NigeriaSat-X na gwaji ne, injiniyoyin Najeriya ne suka haɗa shi lokacin da suke samun horo a Ingila. Sojoji ma suna da tasu hukumar sararin samaniya, wadda a ƙarshen 2022 ta sanar da ƙaddamar da nata tauraron mai suna DELSAT-1.

Me ya hana shi faɗowa? Ki tuna majajjawa: igiya na riƙe dutse, gudu kuma na hana shi dawowa hannu. Haka ƙasa ke jan tauraron, gudunsa kuma ya sa yake ta kewaya ta. Masu ɗaukar hoto irin waɗannan suna nisan kilomita kusan 700 daga ƙasa, suna cin fiye da kilomita 7 a daƙiƙa ɗaya. Wato tafiyar Dutsin-Ma zuwa Katsina ba ta kai masa daƙiƙa 10 ba. A minti 100 ko ƙasa da haka ya zagaye duniya.

To a nan gizo ke saƙar. Ba ya tsayawa a kan garinku kamar fitila. Wucewa yake yi ya ɗauki hoto, sai bayan kwana ɗaya ko kwanaki ya sake samun ganin wurin. Gajimaren damina na rufe masa ido, ƙurar hunturu na dushe hoton, inuwar itatuwa na ɓoye abin da ke ƙasansu. Kyamarar NigeriaSat-2 tana rarrabe abin da ya kai mita 2.5 ne: za ta nuna rufin gida, sabuwar hanya a daji, ko yadda ruwan madatsar Zobe ya ja baya, amma ba fuskar mutum ba. Waɗanda ke kamar a tsaye suke, irin NigComSat-1R na sadarwa, suna can nisan kilomita kusan 36,000. Shi ya sa farantin talabijin ɗinki ke fuskantar waje ɗaya kullum.

Don haka hoto na taimaka wa jami'an tsaro su gane inda aka kafa sansani, amma sai an haɗa da labarin mutanen gari da kuma masu zuwa a kan lokaci. Kada ki yarda da hoton da ake yaɗawa a WhatsApp wai tauraro ya ɗauko fuskokin ɓarayi, kuma kada ki tura shi gaba.

Shi kuwa yaron nan mai tambaya, kada ki ce masa ya yi shiru. A 2017 aka harba Nigeria EduSat-1, wanda Jami'ar Fasaha ta Akure ta haɗa tare da wata jami'a a Japan. Faɗinsa santimita 10 kacal, kin iya ɗora shi a tafin hannu. Waɗanda suka haɗa shi da lissafi da kimiyyar sakandare suka fara, kuma ga Jami'ar Tarayya nan a Dutsin-Ma tun 2011.

Yau da daddare ki ɗan kashe fitila, ku zauna tare ku ƙirga nawa za su wuce. Allah Ya raya mana su, Ya dawo mana da zaman lafiya.