Ɗawisu a tsakar gida: ado ne, amma nauyi ne kuma

A manyan gidaje na Yamai, Maraɗi da Damagaram, ba abin mamaki ba ne baƙo ya shiga tsakar gida ya iske ɗawisu shina taƙama a gindin dogon yaro. Attajirai da manyan ma'aikata su na sayensa domin ƙawata gida. Sai dai da yawa su kan biya kuɗinsa ba su tambayi halinsa ba, daga baya ya ɓace, ko ya mutu, ko ya haddasa husuma tsakaninsu da maƙwabta.

Wanga tsuntsu ba haihuwar ƙasarmu ba ne. Asalin shuɗin ɗawisu, wanda anka fi kiwo, ƙasar Indiya ne da tsibirin Sirilanka. Indiya ta ɗauke shi tsuntsun ƙasa a shekarar 1963, kuma dokarta ta 1972 ta hana farautarsa. Afirka ma tana da nata iri, ƙarami, marar dogon wutsiya, a dazuzzukan Kwango, wanda masana sunka bayyana a 1936. Shi ba a kiwonsa a gida.

Namiji shi ke da adon. Gashin bayansa ya kan kai mita ɗaya da rabi, amma ba shi cika sai tsuntsun ya yi shekara 3. Kowace shekara, bayan lokacin barbara, gashin shi kan zube, wani ya tsiro. Saboda haka mai neman gashi ba shi da dalilin fige shi. Mace kuwa launin ƙasa gare ta. Ta kan yi ƙwai 4 zuwa 8, ta kwanta bisansu kwana 28 ko kusa da haka, kamar zabuwa. In an kula da shi, ɗawisu shi kan yi shekara 15 har 20. Wanda ya saye shi ya ɗauki alkawali mai tsawo ke nan.

Abu na farko da ya kamata mai kiwo shi sani, ɗawisu na tashi. Bisa itace ko rufin ɗaki shi ke kwana. Sabon da anka kawo, in an sake shi ran nan, ba ya dawowa. Sai a tsare shi a cikin babbar akurki mai rufin raga da inuwa, da sanda a sama inda zai hau, har sati 6 ko 8, ana ba shi abinci wuri guda, har shi gane gidan.

Abincinsa hatsi, dawa, masara da ganye, tare da ruwa mai tsabta kullum. Shi kan ci fara da ƙadangaru, har da ƙananan macizai. 'Yan tsaki su na bukatar gara da dafaffen ƙwai, kamar yadda manoma ke yi wa tsakin zabi, a kuma kare su daga raɓa, muzuru da shirwa.

Haɗa shi da kaji wuri guda akwai hatsari. Kaji na ɗauke da wasu tsutsotsin hanji da ba su cika yi masu lahani ba, amma cutar da ke biyo su tana lalata hantar ɗawisu ta kashe shi. Ga annobar kaji ta lokacin ɗari, ga murar tsuntsaye wadda ta ɓulla a Magarya cikin 2006. Don haka allurar rigakafi da maganin tsutsa wajibi ne, kuma duk tsuntsun da ya fito kasuwa a ware shi tukuna, a nuna wa likitan dabbobi.

Saura maganar maƙwabta. Lokacin barbara namiji shi kan yi kuka mai ƙara, da asuba har da tsakar dare, ana jin shi daga nesa. Shi kan tsallaka katanga ya tone shukar mutane, ko ya ga inuwarsa a jikin mota ya yi ta saranta, shina zaton kishiya ce. Mai ƙaramin gida cikin cunkoson unguwa, gara shi haƙura da tantabaru. Mai fili ko garka a bayan gari kuwa, in ya nemi yardar na kusa da shi, ya tanadi akurki kafin tsuntsun ya iso, zai sha kallo shekara da shekaru ba tare da an kai ƙararsa wajen mai unguwa ba.