Adana fayil a sabar karatu kaɗai

Sabar karatu kaɗai tsari ne na ɗora manhajar yanar gizo a gajimare, wato a kwamfutocin kamfanoni da ake haya ta intanet, inda manhajar ke iya karanta fayilolinta amma ba ta da ikon sauya su ko ƙara sababbi. A irin wannan tsari, duk abin da mai amfani ya shigar, kamar hoto ko suna, sai an kai shi wata ma'ajiya ta daban, in ba haka ba ya ɓace.

Dalilin tsarin

Dandamali irin su Vercel da AWS Lambda da Google App Engine suna kunna kwafin manhaja ɗaya da yawa idan baƙi sun yi yawa, su kashe su idan sun ragu. Da kowane kwafi zai rubuta a nasa faifan, da bayanai sun saɓa wa juna. Shi ya sa ake kulle fayilolin, kuma manhajar da ta yi yunƙurin rubutu takan samu saƙon kuskure mai lambar EROFS. Akan bar babban fayil ɗaya mai suna /tmp don aikin wucin gadi, wanda a Lambda girmansa ke farawa daga megabait 512, amma ba a dogara da abin da ke cikinsa. Heroku kuwa yana barin a rubuta, sai dai komai na gogewa idan manhajar ta sake tashi, abin da kan faru aƙalla sau ɗaya a rana.

Tarihi

Amazon ya buɗe ma'ajiyar fayiloli ta S3 a 2006, Google ya fito da App Engine a 2008, sai Lambda a 2014. A 2011 Adam Wiggins, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Heroku, ya wallafa ƙa'idoji goma sha biyu na gina manhaja. Ɗaya daga ciki ta tanadi cewa manhaja kada ta riƙe bayanan dindindin a jikinta.

Hanyoyin adanawa

Bayanai masu tsari, kamar sunaye da maki, ana zuba su a rumbun bayanai na waje irin PostgreSQL ko MySQL. Hotuna da takardu kuma ana tura su ma'ajiya irin S3 ko Google Cloud Storage, a ajiye adireshinsu kawai a rumbun. Idan rubutun shafin ne ake gyarawa jefi-jefi, manhajar na iya aika gyaran zuwa GitHub, daga nan a sake gina shafin, sai dai wannan hanya tana da jinkiri. Wanda ke buƙatar rubutu kai tsaye a faifai zai iya hayar saba mai faifai na dindindin.

A Jigawa

Batun ya shafi masu koyon kwamfuta a Dutse, kamar ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011. Misali, manhajar rajistar ɗalibai da aka gina wa wata makaranta a Kiyawa ko Birnin Kudu na iya aiki lafiya lau a laftof, domin tana ajiye hotunan fasfo a faifai, maki kuma a SQLite, rumbun da fayil ɗaya ne rak. Da zarar an ɗora ta a gajimare, sai ta ƙi adanawa, ko kuma makin zango guda ya goge a dare ɗaya. Ana gane matsalar da wuri ta hanyar shigar da bayanin gwaji, a sake tayar da manhajar, a duba ko yana nan.

Zaɓin ma'ajiya yana da ɓangaren doka. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe bayanan mutane nauyin tsare su, ta kuma gindaya sharuɗɗa kan fitar da su ƙasashen waje, inda yawancin waɗannan ma'ajiyoyi suke.