Ciwon Kafaɗa: A Nemi Hoto Kafin A Nemi Mai Ɗori

Jama'a, akwai wani irin ciwon kafaɗa da yakan kama mutum dare ɗaya. Ya kwanta lafiya lau, bai faɗi ba, bai yi karo da kome ba, sai tsakar dare zogi ya tashe shi. Gari na wayewa ya kasa ɗaga hannu ya sa riga, ko kabbarar salla ma sai da kyar. Ga ɗan dako a Mile 12, ko mahauci a Agege, ko mai ɗaurin goro a Shagamu, wannan ba ƙaramin tashin hankali ba ne, domin ranar da hannu bai ɗagu ba, ranar babu na tuwo, balle na aikawa gida.

Nan da nan abokan zama za su ce targaɗe ne, wasu su ce sanyi, wasu ma su ce jifa. To, sau da yawa ba ko ɗaya daga ciki. A kan kafaɗa akwai jijiyoyi huɗu masu ɗaure tsoka da kan ƙashin hannu. Wani lokaci sinadarin kalsiyam, watau irin wanda ƙashi ya ƙunsa, yakan taru a cikin ɗayansu, galibi ta sama, ya dunƙule kamar alli. Ya fi kama masu shekara 30 zuwa 60, mata sun ɗan fi maza, kuma an fi ganinsa ga masu ciwon sukari. Ba shan nono ko tauna ƙashi ke kawo shi ba, kuma akawun ofis ma yana samunsa kamar yadda lebura ke samu.

Abin mamaki shi ne, lokacin da allin nan yake taruwa, mutum yakan yi watanni, ko shekaru, bai san da shi ba. Zafin nan mai hana barci yakan zo ne sa'ad da jiki ya fara narkar da shi. A lokacin ne yakan yi laushi kamar man goge baki, wurin ya kumbura daga ciki. Watau ranar da mutum yake tsammani hannunsa ya mutu, sau da yawa ranar ce waraka ta kama hanya. Tsananin zafin yakan lafa cikin mako ɗaya ko biyu, ko da yake saura yakan ja lokaci.

Shi ya sa muke cewa kada a yi gaggawar tafiya wurin mai ɗori. Masu ɗori sun san aikinsu, amma a nan babu abin da ya karye, babu abin da ya goce. Ja da murɗa sai ƙarin azaba. Ƙaho da tsaga kuwa ba su kai inda allin yake, ga kuma haɗarin aska marar tsabta. Wani ma sai ya tattara ɗan abin da ya tara ya hau mota zuwa gida neman magani, alhali kuɗin motar ya isa a ɗauki hoton ƙashi, wanda yake nuna allin fari fat. Ana iya farawa daga babban asibiti mafi kusa. In abin ya gagara, ga Asibitin Ƙashi na Igbobi a Ikko, ga irinsa a Inugu, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Badun.

Da fari likita yakan ba da hutu da maganin kumburi, irin su ibuprofen, a kuma riƙa ɗora ƙanƙara cikin tsumma kamar minti 15. Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ya faɗa tun da wuri, don magungunan nan suna yi musu illa. A bar sayen haɗe-haɗen ƙwayoyi a tasha. In zafi ya ƙi, akwai allurar da ake yi a kafaɗar, sai dai takan ɗaga sukari na 'yan kwanaki. A wasu asibitoci ana sa allura a wanke allin a zuƙe shi, ana duba wurin da na'ura. Fiɗa sai an yi wata shida ko fiye ana magani babu sauƙi, kuma kaɗan ne ke kai wa ga haka.

Hutu fa ba rataye hannu wata guda ba ne, kafaɗa takan sandare. Da zafi ya sassauta, sai mutum ya sunkuya, ya dafa tebur da lafiyayyen hannu, ya saki mai ciwon yana lilo a hankali. Wani likitan Amurka, Ernest Codman, wanda ya wallafa littafi a kan kafaɗa a 1934, shi ya fito da wannan motsi, har yau da sunansa ake kiransa.

Amma idan ciwon ya zo da zazzaɓi da ja da kumburi a waje, ko mutum mai amosanin jini ne, kada a zauna jira. Idan kuwa ya haɗa da nauyin ƙirji, da gumi, da sarƙewar numfashi, musamman a hannun hagu, to wataƙila zuciya ce, sai a nufi asibiti a wannan sa'ar ko da tsakar dare ne.