Takin Ruwa da Amfaninsa ga Mai Lambu

Tun zamani mai tsawo manoman kewayen birnin Kano suka san darajar taki. Da rani ya kama akan ga jakuna ɗauke da mangaloli, suna fitar da shara da toka da kashin dabbobi daga cikin gari zuwa gonaki. Sai dai irin wannan taki yana da nawa, domin sai ya ruɓe a ƙasa kafin saiwa ta ci moriyarsa. Manomin gero yana iya jira. Mai komin alayyafo kuwa, wanda zai yi yanka cikin wata guda da 'yan kwanaki, ba shi da wannan sukuni. A nan ne takin ruwa ya shigo. Ya kuma ƙara samun karɓuwa bayan da takin zamani ya yi tashin gwauron zabo a 2022, sakamakon yaƙin Rasha da Yukiren.

Dalilin saurinsa a fili yake: tsiro ba ya cin abu mai ƙarfi, sai wanda ya narke a ruwa. Jiƙa taki wato yi wa ƙasa rabin aikinta ne tun a cikin duro.

Ga yadda ake haɗa shi. Akan zuba kashin shanu ko na awaki ko na kaji a buhun algarara zuwa rabinsa, a ɗaure baki, a rataye shi a sanda, a tsoma cikin duro mai cin lita 200 na ruwa. Sai a rufe bakin duron, don kada sauro ya yi ƙwai a ciki, kuma kada sinadarin naitirojin, wanda shi ne mai sa ganye ya yi kore shar, ya bi iska. Duk bayan kwana biyu ko uku a ɗaga sandar a jijjiga buhun. Cikin kwana 14 zuwa 21 ruwan zai yi duhu, warin ya lafa. Wasu kan ƙara toka, amma wannan kuskure ne, ko da yake toka tana da amfani ga shuka. Idan ta haɗu da kashin dabba takan kori naitirojin ɗin, saboda haka gara a barbaɗa ta daban.

Inda gwaninta take shi ne wurin sirkawa. Ba a zuba shi tsurarsa. Akan ƙara masa ruwa ninki biyu ko fiye, har launinsa ya koma kamar na shayi marar kauri. Na kashin kaji ya fi zafi nesa ba kusa ba, don haka ya fi son ruwa. Mai lambun da ya yi zarin zuba shi da kauri a kan dashen tumatir zai wayi gari ya tarar ganye ya ƙone, wahalar renon iri ta tafi a banza. Akan bari dashe ya kama ƙasa tukuna, sa'an nan a zuba a gindinsa da yamma, bayan an yi ban ruwa, kamar sau ɗaya a mako.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne lafiyar mai ci. Ɗanyen kashin dabba yana ɗauke da ƙwayoyin cuta masu sa gudawa, kuma jiƙo ba ya kashe su duka. Latas da karas da kabeji, waɗanda ake ci ɗanye, bai kamata wannan ruwa ya taɓa su ba. A gare su takin da ya ruɓe sarai, aka gauraya shi da ƙasa tun kafin shuka, shi ya fi dacewa.

Ba kuma zai maye gurbin busasshen taki ba, domin tsiro yake ciyarwa, ba ya sa ƙasa mai rairayi ta riƙe danshi. Shi ya sa ba a zubar da dusar da ta rage a buhu, akan juye ta a ramin taki, ta ruɓe kafin gyaran komaye na gaba.