Katangar jan bulo: ƙarfinta na cikin kwaɓi

Damanar 2024 ta rushe gidaje dubbai a Nijar, kuma jihohin Maraɗi da Damagaram na cikin waɗanda suka fi jigata. A watan Oktoba na wannan shekara gwamnati ta rage kuɗin siminti domin jama'a su samu halin sake gini. Duk wanda ya ga katangar maƙwabcinsa ta kwanta cikin dare guda, in yana da ɗan abin hannu, bulo yake nema. To amma tsadar bulo ba ta hana katanga faɗuwa in kwaɓin da ya haɗa shi ya lalace.

Jan bulo mai ramuka yumɓu ne da aka gasa a wuta, kamar tulu. Bai kai bulon siminti nauyi ba, kuma iskar da ke cikin ramukansa tana rage zafin da ke ratsa bango, abin da mazaunin Tawa ko Yamai zai yaba a watan Afirilu. Aibinsa guda: ƙishirwa. Siminti kuwa da ruwa yake kamawa, a hankali. In aka aza busasshen bulo bisa kwaɓi, nan take zai tsotse ruwan, kwaɓin ya bushe tun bai kama ba. Ido ba ya ganin wannan ɓarna. Katanga za ta tsaya cif, a shafe ta, a biya magini, sai bayan damana ɗaya ko biyu a tarar ana kankare kwaɓin da ƙusa yana zuba kamar gari. Shi ya sa maginin kirki yake jiƙa bulonsa tun kafin a soma aiki, ya bar shi ya tsane, domin wanda ke ɗigar ruwa shi ma zamewa yake yi.

Ma'aunin da aka saba shi ne buhun siminti mai kilo 50 ga buruweti biyu da rabi zuwa uku na rairayi. A nan ne ake cutar mai gida. Ma'aikaci yana biro, ɗan kasuwa yana rumfa, sai a ja buhu ɗaya ya ci buruweti biyar, ragowar ta bi wata hanya. Wani lokacin ma mai gidan ne da kansa yake matsa wa magini ya yi tsimi, daga baya ya ɗora masa laifi. Yawaita siminti shi ma ba gwaninta ba ne: kwaɓin da ya fi bulo tauri, in ginin ya motsa, bulon yake tsagawa. Rairayin ya zama na gulbi ko na ƙorama, mai ɗan kaushi, an tankaɗe shi. Mai laushin nan da iska ke tarawa gindin shinge, haɗe da ƙura da tarkace, ruwa yake sha da yawa, ƙarfi kaɗan. Kada kuma a kwaɓa abin da ya fi aikin awa guda. Kwaɓin da ya soma sandarewa aka ƙara masa ruwa, ya riga ya mutu.

Wajen jerawa, kaurin kwaɓi tsakanin layi da layi santimita 1 ne zuwa 1 da rabi. Bulon da ramukansa ke kallon sama, bisa gefunansa ake shimfiɗa kwaɓi, don kada ya zurare ciki, a yi asarar siminti da iskar da aka saya domin ta. Wanda ramukansa ke kwance, sai a shafa wa bakinsa kafin a manna shi da ɗan'uwansa. Kowane bulo ya hau tsakiyar biyu na ƙasa, a bi igiya, kada gaɓa ta hau gaɓa.

Ƙaramar katanga ma tana son tushe da aka haƙa har ƙasa mai tauri, da ginshiƙin kankare da ƙarfe kusan kowace mita 3, saboda guguwar farkon damana. A rufe kanta da siminti mai ɗan gangare, in ba haka ba ramukan su zama randa.

Sai shayarwa, wadda aka fi mantawa da ita domin magini ya riga ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Ana yayyafa wa katanga ruwa safe da maraice har kwana 7, musamman lokacin hunturu da bazara, in da hali a lulluɓe ta da tsofaffin buhunan algarara masu danshi. Sai ta kwana 28 simintin yake kai ƙarfin da injiniyoyi ke lissafi da shi, don haka kafin nan ba a rataya mata ƙyauren ƙarfe, ba a jingina mata buhunan hatsi.