Murya da gitar: abokan zaman ma'aikatan Arlit

Duk wanda ya san arewacin ƙasarmu ya san garin Arlit ba shi da tsohuwar ganuwa, ba shi da kushewar kakanni. Ƙarfen uraniyom ne ya kafa shi. An kafa kampanin SOMAIR a shekarar 1968, garin ya tsiro a 1969, aka soma fitar da ƙarfe a 1971. Bayan haka kampanin COMINAK ya zo a 1974, ya haifi Akokan. Daga nan mutane suka yi ta kwarara: Hausawa daga Maraɗi da Damagaram da Tawa, Zabarmawa daga bakin kogi, Barebari daga gabas, suka tarar da Abzinawa masu ƙasa. Kowa baƙo ne ga ɗan uwansa. Albashi ya tara su, amma albashi kaɗai ba ya mai da sansani gari. Cikin abubuwan da suka yi wannan aiki akwai biyu da ba a cika ambatonsu ba, wato murya da gitar.

Mu fara da murya. Kafin Tele Sahel ta buɗe a 1979, kai har ma bayan buɗewarta, akwatin rediyo shi ne babban abokin hirar ma'aikaci. Cikin muryoyin da Muryar Sahel ta kai ko'ina a ƙasa, ta Yazi Dogo tana sahun gaba. Malamin lakwal ne tun asali, sannan ya zama jagoran ƙungiyar wasan kwaikwayo da Hausa, ya yi suna ƙwarai a shekarun 1970 da 1980. Wasanninsa suna da yawa, kuma darasinsu bai ɓuya ba: almubazzaranci wajen biki, cin hanci a ofis, ruɗin birni ga baƙauye, zaman gida tsakanin miji da mata. Yana ba da dariya, amma wanda aka taɓa ya san an taɓa shi.

Wasan rediyo ya fi na dandali wuya ta fuska guda. Ba riga, ba rawani, ba harara. Da lanƙwasar harshe kaɗai mai saurare zai gane wannan alhaji ne mai kuɗi, wancan kuwa talaka ne da ya zo roƙon bashi. Ga kuma wani abin lura: irin waɗannan ƙungiyoyi ba su dogara ga rubutaccen wasa kalma bayan kalma ba. Sukan shirya ƙashin labarin tare, kowa ya san matsayinsa, sai magana ta fito daga bakin ɗan wasa nan take. Shi ya sa Hausarsu take da ɗanɗanon kasuwa da zaure. Leburan da ya baro iyali can nesa a kudu, in ya ji ta da dare, sai ya ji kamar an kawo masa ƙofar gidansu.

Gitar kuwa ta biyo wata hanya dabam. Ba gidan rediyon gwamnati ya yaɗa ta ba, kaset ne da ake miƙawa hannu da hannu. A zamanin tawayen shekarun 1990 an hana waƙoƙin Abdallah ag Umbadugu, amma ba su daina yawo ba. Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afirilu 1995 kiɗan ya fito fili, ya shiga bukukuwan aure da na suna daga Agadas har Arlit da Akokan. Abdallah da kansa ya buɗe makarantar koyon kiɗa a Arlit a shekarar 2000, domin samari su samu abin yi. Ya rasu a watan Janairu 2020. Allah ya jiƙansa.

A wannan shekara ta 1995 ce wasu ƴan gida ɗaya a Agadas suka kafa ƙungiyar Etran de l'Aïr, ma'ana taurarin Abzin. Sun fara da gitar guda wadda ba ta lantarki ba. Gangarsu kuwa ƙwarya ce da aka kifa a kan ruwa, ana bugunta da takalmi. Shekara da shekaru suna kiɗan bikin talakawa a unguwannin bayan gari, ba mai ɗaukar nauyinsu. Sai a 2018 wani ƙaramin kampanin faifai na Amurka mai suna Sahel Sounds ya fitar da faifansu na farko, “No. 1”. Na biyu, “Agadez”, ya fito a 2022, na uku kuma, “100% Sahara Guitar”, a 2024. Sun yi wasa a Turai da Amurka, a tafarkin da Bombino da Mdou Moctar suka share. Daɗin kiɗansu shi ne yadda gitoci suke saƙa da juna, ɗaya na kira ɗaya na amsawa, ganga tana tura su gaba, har mai kunya ya miƙe. Kiɗan biki ne, kuma ba su sake masa kama don Turawa ba. Mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.

To, ina darasin? Tun ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ta rufe ramin Akuta, iyalai da yawa suka watse. Ƙarfe yakan ƙare, amma abin da mutane suka ji da kunnensu yana iya zama dukiyar ƴaƴansu, in an adana shi. Matsalar ita ce wasan Yazi Dogo da waƙar samarin Abzin duka a baki suke zaune, kaset kuma ba ya jure zafi da ƙura har abada.

Saboda haka muna kira ga hukumomin rediyo da na al'adu da su kwafe tsofaffin wasanni kafin su lalace, ofishin kare haƙƙin mawallafa kuma ya tabbata gumin mai fasaha ya koma aljihunsa. Ku kuma ƴan uwa da kuka yi yaƙi da jahilci, ga filin gwada alƙalaminku: ku rubuta wasan da kuka tuna da Hausa, ku rubuta waƙar da kuka ji da Tamajak, ku kai wa malamin cibiyarku a karanta. Allah ya taimaki ƙasarmu da masu yi mata aiki, amin.